Ranar da Na Buɗe Jarida a Bracodi

Samarin unguwar Bracodi sun sa ni gaba da magana ɗaya, wai duk Abidjan babu wanda Allah ya hutar kamar ni: in rataye jarida, in zauna a benci, kuɗi su zo da ƙafarsu. To ku matso, tunda na ga wasunku sun fara auna bangon da ke gefena da ido. Ni ne Sule mai jarida. A nan Adjamé aka yanke min cibiya, na yi makarantar Faransanci har aji shida aka ce in je in huta, kuma shekara ashirin ke nan ina wannan lungu na tashar gbaka, motocin hayar nan da ba su san birki ba. Ruwan saman da ya sauka a kaina a nan, da an tara shi da sai an saya wa Adjamé kwale-kwale.

Ratayar safe ita ce sana'ar, sauran duk zaman jira ne. Kana idar da sallar asuba ka nufi defo, inda ake raba jaridu, ka yi kokawa da mutum hamsin a ƙofa ɗaya, ka ɗauko ƙunshinka a ka yana ɗumi kamar burodi. Tawadar ba ta bushe ba, kafin ka iso hannunka ya koma na mai sayar da gawayi. Kayan aikin ba su da yawa: allon katako biyu, igiyar nailan layi huɗu, matsen shanya irin na mata, leda babba saboda ruwa, da duwatsu shida na danne abin da ke kan tebur. Matsen shanya na itace za ka saya. Na roba rana ɗaya ta Adjamé ta ishe shi ya fashe, iska ta kwashe maka shugaban ƙasa ta kai shi cikin kwata. Duwatsuna kuwa tun daga hannun maigidana suke, sun yi santsi, in ɓarawo ya ɗauki ɗaya sai na fi jin zafi da a ce teburin ya ɗauka.

Maigidana Alhaji Bawa mutumin Tawa ne, bai iya karanta ko harafi ɗaya na Faransanci ba, amma ya sayar da jarida har gemunsa ya yi fari. Na zo wurinsa ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina taƙama na iya karatu. Wata uku bai bar ni na taɓa igiya ba, sai ɗaukar ƙunshi da kallon sama. Ya ce mai jaridar da bai iya karanta hadari ba gara ya koma sayar da kifi, shi ne ruwa bai dama ba. In gajimare ya taso daga wajen teku da baƙin gindi, kana da lokacin da mutum zai shanye kofin shayi ɗaya, ka sauke leda. In ka tsaya kallo, defo ba ta karɓar jiƙaƙƙiyar jarida, kai ma ba miya za ka yi da ita ba.

Ranar farko da ya bar ni na yi rataya ni kaɗai, na jera su yadda na ga ya yi min kyau, jaridar gwamnati kafaɗa da kafaɗa da ta 'yan hamayya. Kafin ya dawo daga shan shayi mutum biyu sun shaƙe juna, allo yana cikin kwata, ni ina tsakiya riƙe da takalmin da ban san mai shi ba. Bai zage ni ba. Ya sa na wanke allon, sannan ya nuna min: waɗannan dama, waɗancan hagu, jaridun ƙwallo a tsakiya, don in masu zafin kai sun matso daga gefe biyu, a kan ƙwallo za su haɗu. Shi da launi yake gane su. Ya koya min ninki, don ba a rataye jarida a buɗe. Ninke ta ake biyu, kanun labari a waje da manyan baƙaƙe, sauran a ɓoye. Sai doka ta ƙarshe, wadda ya yi ta maimaita min har ranar da ya koma gida ya bar min allon: mai jarida ba shi da jam'iyya, ba shi da kulob, ba shi da baki.

"Sule," ya ce, "kai bango ne mai ba da canji."

Ku kuna ganin taro a gabana kullum safe kuna cewa Sule ya yi arziki. Cikin mutum arba'in, uku ke saya. Sauran su ne a garin nan ake kira titirolog, wato malaman kanu: su tsaya hannu a baya, su karanta manyan baƙaƙen kyauta, su ƙarasa labarin da kansu. Mutum ya karanta kalma biyar ya yi sharhin awa biyu. Kuma duk allo suke fuskanta, ni ina zaune a bayansu. Shekara ashirin ina kallon ƙeyar mutane. Na san wanda ya yi aski, na san wanda ƙurji ya fito wa. Akwai mutumin da na sani shekara tara, ranar da muka haɗu a masallaci fuska da fuska ban gane shi ba sai da ya yi gaba. Kana tsakiyar hayaniya tun safe har la'asar, amma abin da ake ce maka bai wuce akwai canji ba.

Kasuwar tsakiyar allo ta fi ci in an tafi hutun gasa, lokacin da kulob-kulob ke saye da sayar da 'yan wasa. Nan za ka ga ikon Allah. Mai tura amalanke a kasuwar Adjamé, wanda ko karyawa bai yi ba, ya tsaya yana cewa miliyan kaza ta yi kaɗan a kan ɗan gaba, shi ba zai sayar ba. Direban tasi ya kori koci, ya rage albashin mai tsaron gida, ya ɗauko 'yan wasa uku daga Bamako, duk kafin motarsa ta cika. Yawancinsu magoya bayan kulob ɗaya ne, masu shuɗiyar riga, kuma rigimarsu ɗaya ce kowace shekara: shugabanni sun sayar da yara masu jini a jika zuwa Turai, sun bar tsofaffi suna cin albashi, kuɗin kuma ba wanda ya ga inda suka shiga. Rabi su ce a sayar a gina kulob, rabi su ce kulob ɗin da ke sayar da 'ya'yansa kanti ne.

Cikin waɗannan duka mutum ɗaya ne ke juyowa. Tonton Yao, wato Kawu Yao, tsohon akawun jirgin ƙasa, ɗan ƙabilar Baule ne, Kirista, yana zaune a unguwar Arras can Treichville, hayin gada. Ya yi ritaya amma ƙafarsa ba ta yi ba. Kullum sai ya sa kwat da taye, ya hau mota ya tsallako gada kamar mai zuwa ofis, ya sauka a nan ƙarfe bakwai. Kafin ya dubi allo sai ya zo gabana, ya cire hula, ya miƙo hannu, ya tambayi lafiyata da ta iyali, ya jira amsa. Direkta yake ce min, wai ni ne daraktan yaɗa labarai na Bracodi. Da Faransanci muke magana, nasa na ofis mai guga, nawa na bakin tasha. Sannan ya je ya kafa hanci a jikin jaridar ƙwallo, kusa ƙwarai, har ina tsokanarsa cewa shi sansana labari yake. In taro ya watse ya dawo bencina, mu raba garba a leda ɗaya, wato aceke, turararren garin rogo, da soyayyen kifi da barkono, ya ci gaba da gyara min kulob har azahar.

Da shi na karya dokar Alhaji Bawa. A benci, in babu kowa, ina da baki. Ni ɗan a-sayar ne, shi ɗan a-riƙe. Makaminsa ɗaya, wai ma'ajin kulob abokinsa ne, tare suka yi aikin jirgi, shi ke faɗa masa abin da ke cikin tukunya. Duk gardamar da ta yi zafi a gaban allo sai ya ɗaga yatsa ya ce ma'aji ya gaya masa jiya, taro ya yi tsit. Babu wanda ya taɓa ganin ma'ajin nan. Babu kuma wanda ya nema, don malaman kanu suna da tasu ƙa'ida da ba a rubuta ba: ba a buɗe jarida a gaban allo. Wanda ya saya ya naɗe abarsa ya tafi gida ya karanta. In baƙo ya sa yatsa zai ɗaga ninki, kafin in yi magana taron ya yi masa tsaki. Kowa ya san amsar tana ciki, taku ɗaya daga hancinsa, amma in aka buɗe ta zance ya mutu, mutanen nan kuwa zancen suka zo yi. Wasu ba su da aiki, wasu ɗakinsu ba ya zaunuwa da rana. Ni kaɗai ke karanta ciki in kasuwa ta yi sanyi, kuma ban taɓa fitar da abin da na gani ba.

Akwai wani mai tsaron baya a kulob ɗin da ake wa laƙabi da Kafinta, don yadda yake sassaƙe ƙafar 'yan gaba. Ya daɗe har ana cewa tare da shi aka gina filin wasan. Tonton Yao yana son mutumin nan kamar ɗan cikinsa. Ana saura 'yan makonni rikicin zaɓe ya ɓarke, wata safiya jarida ta fito da hotonsa da manyan baƙaƙe cewa Kafinta ya bar kulob. Na rataye ta a tsakiya, layi na biyu, daidai ido. Kafin ƙarfe takwas taro ya toshe hanya, direbobin gbaka na ta zagin iyayenmu.

Tonton Yao ya hau dutsen bakin kwata ya yi jawabi. Ya ce shugabanni ne suka sayar da shi ga Larabawa da kuɗi mai nauyi, shi Kafinta kuka ya yi, ya ce a bar shi ya mutu cikin shuɗiyar riga ko da rabin albashi ne. Ma'aji ya gaya masa jiya. Ni kuwa ranar, saboda hoton, tun a defo na leƙa ciki. Ina zaune ina jin sa, abin yana cina. Sai wani tela mai suna Musa ya waiwayo, abin da ba a saba ba, ya tambaye ni me na gani. Na ce tsoho ne, gwiwarsa ta ƙare, wa zai saye shi. Tonton Yao ya dube ni daga kan dutsen, ya yi murmushi, ya ce wa taro su yi min haƙuri, mai sayar da jarida da mai sayar da gyaɗa duk ɗaya ne, takarda ce kawai ke wucewa ta hannunsu. Aka kwashe da dariya. Wasa ne irin wanda muke yi a benci kullum, amma a benci mu biyu ne.

Na tashi. Na cire matsen shanya biyu, na sauko da jaridar, na buɗe ta a shafi na biyar, na karanta da ƙarfi da muryar ɗan aji shida. Hira ce da Kafinta da bakinsa. Ya ce shi ya roƙi a sallame shi don ya gaji da bin albashinsa, kuma ba Balarabe ba, ko kulob ɗin ƙauye bai taya shi ba. Zai koma garinsu ya buɗe shagon kayan gini. Na karanta har ƙasa, har sunan wanda ya ɗauki hoto. Da na ɗago babu mai dariya. Musa tela ya ce a hankali, to ma'aji fa? Wani daga baya ya ƙyalƙyale shi kaɗai, ya kuma haɗiye. Tonton Yao ya sauko daga dutsen, ya gyara taye.

"Ka iya karatu, Direkta," ya ce. "Na gode."

Ya sa hularsa ya tsallaka titi. Taron ma bai ƙara minti goma ba ya watse, don babu sauran abin cewa. Jaridar da na buɗe ta yamutse, kuma ranar ko kwafi ɗaya na ƙwallo bai fita ba, tunda na riga na karanta wa kowa kyauta. Da azahar na sayi garbar mutum biyu bisa sabo, na cinye ta ni kaɗai har cikina ya koma ganga.

Washegari bai zo ba. Na ce fushin tsoho kwana uku ne. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi. Sauran sun dawo don ba su da wurin zuwa, amma in gardama ta fara zafi sai wani ya ce a yi a hankali, kar Direkta ya buɗe shafi na biyar. Na yi niyyar tsallakawa Treichville in neme shi, sai na tuna shekara goma sha wani abu muna cin abinci a leda ɗaya ban san ƙofarsa ba, Arras kawai na sani. Ina cewa gobe, ina cewa jibi, gari ya kama da wuta.

Shekarar rikici ba sai na ba ku labari ba, kuna nan, wasunku a ƙarƙashin gado kuka yi ta. Abin da ya shafi sana'a zan faɗa. Jaridun dama su zo yau na hagu su ɓace, gobe a juya, kuma ratayar kowace iri tana iya jawo maka baƙin da ba ciniki ya kawo su ba. Na koma rataye na ƙwallo kaɗai, su ma da wasa ya tsaya suka ƙafe. Daga nan defo ta rufe. Na kwance igiyoyina, na kai allo ɗaki, na tura maiɗakina da yara wurin danginta a Kumasi cikin motar goro. Na zauna ni da allo biyu da duwatsu shida. Da rana in harbi ya lafa sai in ɗauko tsofaffin jaridun da suka maƙale min, har tallan maganin basir na haddace. Na sayar da Kafinta na sake sayensa ya fi sau ɗari, babu mai ce min ƙarya nake. Gada kuwa ba ta tsallakuwa, ko tsuntsu sai ya nuna takarda.

Da ƙura ta lafa na mai da allo. Leda ɓera ya cinye rabinta, igiya ta ruɓe, sai da na sake saye. Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, ba duka ba. Musa tela ya koma Bouaké, direban tasi an ƙone motarsa, wasu ba wanda ya san labarinsu, kuma ba a tambaya. Waɗanda suka zo sai su karanta baki rufe su wuce. Kullum ƙarfe bakwai ina duban masu saukowa daga motocin Treichville. Ranar da jaridar ƙwallo ta sake fitowa, wata Asabar ce, na sauke allo da hantsi, abin da ban yi ba ko ranar da aka haifa min ɗa, na ɗauki kwafi ɗaya na hau mota.

Neman mutum a Arras aiki ne. Benaye ne iri ɗaya kamar an haife su rana ɗaya, kuma in ka kira Yao mutum talatin za su leƙo ta taga. Sai na yi dabarar sana'a, na nemi mai jaridar unguwar. Na ce masa tsoho mai taye, mai abokin ma'aji. Ya yi dariya ya ce ai tun shekarun baya mutanen allonsa suka fatattake shi da tsiya a kan ma'ajin nan, shi ya sa ya koma tsallaka gada. Ya nuna min bene na uku, hawa na biyu.

'Yarsa ce ta buɗe, babbar mace, ma'aikaciyar asibiti, sunanta Akissi. Falon cike da kwalaye ɗaure da igiya. Ta ce ranar Laraba za ta kai shi ƙauyensu wajen Toumodi, don idonsa ya tafi, bene kuwa ba wurin makaho ba ne. Ta ce ciwon ya daɗe. Shekaru ke nan ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, manyan kaɗai, su ma sai ya matsa, yanzu kuwa ko su babu. Yana zaune bakin taga cikin singileti. Na yi gaisuwa, ya karkato kunne.

"Direkta ne? Ka tsallako gada da kanka. Shafi na nawa ka kawo min yau?"

"Kanu na kawo, Tonton."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya sa ƙafa ya turo min kujera.

"To faɗi. A hankali, kar ka cinye baƙaƙen."

Na karanta masa cewa masu shuɗiyar riga za su sayar da mai tsaron gidansu, su ɗauko wani daga Ghana. Ya bugi cinya ya ce ƙarya ce, yaron ba inda za shi, ƙarin albashi ya nema shi ya sa aka saki maganar don a tsorata shi. Na ce a sayar, hannunsa kamar an shafa masa manja, duk ƙwallon da ta zo sai ta zame. Ya ce ni da ban taɓa kama ko kaza ba zan yi maganar kamu. Na ce kulob ba gidan marayu ba ne. Ya ce da irina ne shugaba da tuni na sayar da raga da turakunta na ce riba ce. Muka yi ta yi har aka kira la'asar a masallacin ƙasa, na sauka na yi salla, na dawo muka ɗora daga inda muka tsaya. Sau biyu ya ɗaga yatsa ya buɗe baki, sai ya mai da hannun kan cinya. A na uku na ce masa, Tonton, shi ma'aji me ya ce? Sai ya ce ma'aji ya ce yaron na nan daram, an ma riga an sa hannu. Na ce to in ma'aji ne ya faɗa, ni wa.

Ban nemi gafara da baki ba, shi ma bai ce ya yafe ba. Da zan tafi ya ce in bar masa jaridar, don a ƙauye ba mai kulob, daga zancen koko sai na doya. Na ɗora masa ita a cinya a ninke. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Akissi ta rako ni har matakala. Ta ce ma'ajin ba ƙirƙira ba ne, tare suka yi aikin jirgi da babanta, amma shekara goma sha biyu ke nan da binne shi. Sai ta tambaye ni, tunda ni ke sayar da jaridar, shin da gaske yaron zai zauna, don tsohon zai dame ta da maganar har Toumodi. Ni kuwa tun a mota na karanta ciki, an gama ciniki, yaron ma ya riga ya tashi.

Na ce mata ban kai wannan shafin ba tukuna.